Za su ɗauke ni in koyar a sassa uku, malamina ya ce zan rasa gida

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya. Shekarata 29. Na yi digirin farko a fannin zane, na biyu a tarihin fasahar zane, kuma burina in zama malamar jami'a da ta ƙware a kan masu zane na wannan zamani. Wata sabuwar jami'a mai zaman kanta ta ba ni gurbin mataimakiyar lakcara, sai dai ba su da sashen zane. Sun ce zan riƙa koyar da darasin al'adun Najeriya ga 'yan aji ɗaya, da ɗaukar hoto a sashen aikin jarida, da kayan tarihi a sashen yawon buɗe ido, wai koyarwa ce mai haɗa fannoni. Malamin da ya duba kundina ya ce kada in kuskura, zan zama jemage, ba ni a tsuntsu ba ni a dabba, gara in jira gurbi a sashenmu in fara digiri na uku. Shekara biyu ke nan ina jira. Mahaifina kuma cewa yake dama tun farko bai so wannan karatun gumakan ba, in karɓi albashi in manta da zancen. Hajiya, ina zan sa kaina?

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki karɓi aikin. Na fara da wannan don kada ki yi ta laluben amsa a cikin doguwar magana. Amma kada ki sa hannu a takardar yadda suka miƙo miki ita, kuma kada ki ɗauka malaminki tsorata ki kawai yake yi. Abin da ya hango gaskiya ne. Maganin da ya ba ki ne ban yarda da shi ba.

Abin da suka ba ki bai zama haɗa fannoni ba tukuna. Sabuwar jami'a ce mai ƙarancin malamai, ta ga mutum ɗaya da zai toshe mata gurbi uku da albashi ɗaya. Ba laifi ba ne, haka sababbin makarantu suke farawa, amma ki shiga da idonki a buɗe. Ko zai zama haɗa fannoni na gaskiya, ko zai tsaya a toshe gurbi, wannan yana hannunki, kuma a kansa mafi yawan maganata za ta tsaya.

Ga abin da malaminki yake jiye miki. Ƙarin girma a jami'o'in ƙasar nan ta sashe yake bi. Daga mataimakiyar lakcara sai Lakcara II, sai Lakcara I, sai babbar lakcara, sai mataimakiyar farfesa, sai farfesa. Tsakanin mataki da mataki yawanci sai an yi shekara uku, kuma a mafi yawan jami'o'i ba a kaiwa babbar lakcara sai da digiri na uku. A ƙananan matakai kwamitin cikin gida ne zai ƙirga maƙalunki. Idan aka zo matakai biyun ƙarshe kuwa, tattara rubuce-rubucenki ake yi a aika wa farfesoshin waje, 'yan fanninki, su auna. To idan farfesan tarihin zane ya kwance ƙunshin ya tarar da maƙala biyu kan yawon buɗe ido, uku kan aikin jarida, ɗaya kan zaman lafiya saboda an yi taro a jami'arku an ce kowa ya kawo takarda, zai rubuta cewa wannan baiwar Allah tana da ƙoƙari, amma shi bai ga fanninta ba. Duk ranar da tsohon sashenku ya buɗe gurbi ma, abin da za su duba ke nan. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ma idan ta zo tantance kwas tana duba ko digirorin malamai sun dace da abin da suke koyarwa. Na ga mutane masu kaifin basira da suka shekara goma suna koyar da duk abin da aka miƙo musu, suka wayi gari kowane sashe yana ganinsu a matsayin baƙin da aka aro.

Inda na saɓa da shi shi ne zaman jira. Gurbi a jami'ar gwamnati ba shi da ranar zuwa. Sassan zane ba su da yawa a Arewa, masu koyar da tarihinsa a cikinsu 'yan ƙalilan ne, wanda ya shiga kuma sai ritaya, farfesa sai ya cika shekara 70. Shekara biyun da kika yi a gida ba za su shiga takardar tarihin aikinki ba. Ranar da za a zauna tantance masu neman gurbin, wadda ta taɓa tsayawa gaban cikakken ɗakin lakca, ta tsara jarrabawa, ta yi maki har tsakar dare, ita za ta sha gabanki ko da kin fi ta karatu. Sannan digiri na uku ba ya jiran gurbi. Ki sayi fom ki yi rajista a tarihin zane, a tsohon sashenku ko wani irinsa, kina aiki kina karatu. Wannan rajistar ita ce amsar zancen jemage.

Akwai abu ɗaya da ba za su faɗa miki a wurin ɗaukar aiki ba. TETFund, wadda take biya wa malamai kuɗin ƙaro karatu da zuwa taruka, jami'o'i da kwalejojin gwamnati kaɗai take kulawa. Malamin jami'a mai zaman kanta ba ya cikin lissafinta. Saboda haka kuɗin digirinki daga albashinki zai fito, ko daga abin da kika sa suka rubuta miki. A ɗaya gefen, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ba zai taɓa albashinki ba. Amma zai taɓa karatunki in a jami'ar gwamnati kika yi rajista. Na 2022 daga Fabrairu ya kai Oktoba, wata takwas. Kada ki yi wa kowa alƙawarin gamawa a shekara uku.

Kafin ki sa hannu, ki koma musu cikin ladabi da buƙatunki, kuma ki nemi a rubuta su, don shugaban da ya yi miki alƙawari da baki yana iya barin kujerar baɗi. Mafi girma a ciki shi ne takardar ɗaukar aikinki ta ambaci sashe ɗaya a matsayin gidanki. In suna da sashen tarihi, shi ya fi kusa da ke. In babu, ki zaɓi aikin jarida. Kada ki yarda a ajiye ki a ofishin darussan gama-gari, waɗanda ake kira GST, domin can babu ɗaliban da suke naki, ba za ki duba kundin kowa ba, babu kuma shugaban sashen da zai tsaya miki ranar ƙarin girma. Bayan haka a faɗi yawan kwasa-kwasan da za ki ɗauka a zango, a ba ki izinin karatu a rubuce, a bar miki yini ɗaya a mako babu lakca. In sun ce za su taimaka da kuɗin makaranta bisa sharaɗin ki yi musu aiki na wasu shekaru, ki kai takardar wa wanda ya san doka ya karanta kafin ki yi murna. Ba lallai ki samu duka ba. In kin samu gida da izinin karatu, ya isa ki fara. In sun ƙi waɗannan biyun, to a nan maganar malaminki ta yi rinjaye, ki yi musu godiya ki tafi.

Wata ƙofa kuma da kaɗan suka lura da ita: sabuwar manhajar da NUC ta fitar a Disambar 2022 ta riƙe kashi 70 na darussa a hannun hukumar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. Sabuwar jami'a tana neman abin da za ta cike wannan kason da shi. Bayan kin yi zango ɗaya ko biyu sun ga aikinki, ki rubuta musu kwas guda naki na kanki, a kan hoto da zane a rayuwar Arewa ta yau, ki kai wa shugaban sashe. A tsohuwar jami'a sai ki yi furfura kafin a bar ki ki ƙirƙiri kwas.

Yanzu ga ainihin aikin. Ajin uku, batun ɗaya. Kada ki shirya darussa uku da ba su san juna ba, kina kwana a intanet kina kwaso bayanan yawon buɗe ido da ke kanki ba ki yarda da su ba. Ki ɗauki abin da kike bincike a kansa ki shiga da shi kowane aji, tambayar kawai za ki sauya. Ɗauki allon zayyana, wanda ake yi wa yaro ranar sauka. A ajin al'adu shi ne hanyar shiga zancen tsangaya da gardi da alaramma, da wanda yake biyan mai zayyana, da abin da ya sa iyali suke kashe kuɗi a kan abin da za a riƙe yini ɗaya sannan a ajiye. A ajin ɗaukar hoto, ki ajiye shi a gabansu su gwada: daga ina haske zai zo don kada tawada ta yi ƙyalli ta ɓoye rubutun, yaya za a nuna kaurin katakon, me za a rubuta a ƙarƙashin hoton, wa za a nemi izininsa. A ajin kayan tarihi tambayoyin sun fi nauyi: yaya ake kare shi daga gara da laima, ya halatta a sa abin da yake ɗauke da ayoyi cikin gilashi baƙo yana wucewa da takalmi, wa zai taɓa shi kuma a wane hali, sunan wa za a rubuta a jikin katin bayani. Sannan ke, da kika koma gida, ki yi tambayoyin fanninki: wa ya zana, a wane gari, a wace shekara, a wurin wa ya koya, yaushe kalolin kanti suka shigo suka zauna kusa da tawadar gargajiya, me ya bambanta hannun wannan gari da na wancan. Amsoshin da ɗalibai suka kawo miki daga garuruwansu, in kin koya musu yadda ake tambaya, su ne za su nuna miki inda za ki je da ƙafarki. Ki ambaci sunan duk ɗalibin da ya kai ki ga wani abu; malaman da suke cinye wahalar ɗalibai sun yi yawa, kada ki ƙara musu lamba.

Haka za ki yi da zanen jikin manyan motoci, da fastocin finafinan Kano, da hular zanna, da allunan masu aski da masu gyaran waya, da hotunan aure da ake ɗauka kafin biki. Duk waɗannan fasahar ido ce ta wannan zamani, kuma ɗalibanki sun fi ki sanin wasu daga ciki.

Abin da ke za ki ba su, wanda malamin jarida da na yawon buɗe ido ba za su ba su ba, shi ne kallo. Yaranmu suna fitowa daga sakandare sun iya haddace bayani amma ba a taɓa cewa su tsaya su dubi abu ba. Ki nuna hoto ɗaya, ki hana kowa faɗin ra'ayinsa ko ma'anarsa na minti goma. Su faɗi abin da ke ciki kawai: mene ne a dama, mene ne a hagu, ina ido ya fara sauka, da me aka yi shi, me aka yanke aka bari a waje. Makon farko za su yi miki shiru har ki ji kamar ki bar ajin. Zuwa tsakiyar zango za ki ji ɗan jarida yana cewa wannan hoton daga sama aka ɗauki talakan don ya ƙanƙance. Ranar da kika ji haka, kin koyar da tarihin zane a sashen da ba shi da sunansa.

Za a kawo miki misalin Okwui Enwezor, ɗan Najeriya mai shirya baje kolin fasaha, a ce ai shi kimiyyar siyasa ya karanta a Amurka, amma ya jagoranci babban baje kolin Documenta na Jamus a 2002 da na Venice a 2015. Gaskiya ne. Sai dai shi ba ta kwamitin ƙarin girma na jami'ar Najeriya ya bi ba, kuma duk faɗin abin da ya taɓa, tambayarsa ɗaya ce har ya rasu a 2019: ina matsayin Afirka da sauran ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka a tarihin fasahar zamani. Misalin da ya fi kusa da ke shi ne Salah Hassan, ɗan Sudan da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Cornell. Binciken digirinsa na uku a ƙasar Hausa ya yi shi, a kan malamai da kayan rubutunsu, aka buga shi littafi a 1992. Daga nan ya shiga cikin waɗanda suka tsayar da mujallar Nka ta fasahar Afirka ta zamani tare da Enwezor a 1994, kuma shi ya tsara baje kolin ayyukan mai zanen Sudan Ibrahim El-Salahi da aka yi a Tate Modern ta Landan a 2013. El-Salahi kuwa ɗan malamin makarantar allo ne a Omdurman, ya je Landan ya koyi zane irin na Turawa, ya dawo ya tarar mutanensa ba su ga kansu a ciki ba, sai ya koma ga harafin Larabci da adon da ya tashi yana gani. Kin ga daga allo zuwa babban ɗakin baje koli ba wata tazara ba ce. Waɗannan mutane sun yi faɗi ne bayan sun yi zurfi a wuri ɗaya.

Wannan ya kawo mu kan abin da za ki rubuta. Duk wanda ya karanta fanninku ya haddace labarin Zariya: an ɗauko sashen zane daga Ibadan aka kawo shi Zariya a 1955, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ce a haɗa dabarun da aka koyo da gadon gida. An rubuta wannan labari da kyau, Chika Okeke-Agulu na Jami'ar Princeton ya yi masa cikakken littafi a 2015. Kada ki sake maimaita shi. Mafi yawan waɗannan samari sun koma Kudu, alƙalamin masu tarihi ya bi su can. Abin da ya faru da waɗanda suka zauna, da waɗanda aka haifa a nan, shi ne filin da yake jiran mai noma. Gani Odutokun, haifaffen Gana, ya koyar a Zariya har ya rasu a hatsarin mota a 1995, ɗalibansa suna nan da ransu da tunaninsu. Jerry Buhari ya shafe shekaru yana zane yana koyarwa a can. Mai zane Kaltume Gana tana Kano. Fati Abubakar ta ɗauki kyamara ta nuna wa duniya Borno ta masu kasuwa da 'yan makaranta a lokacin da ba a nuna komai sai ɓarna, Rahima Gambo kuma ta yi aikin da ta kira Tatsuniya tare da 'yan mata 'yan makaranta a Maiduguri. Ga kuma tambayar da Ladi Kwali ta bar mana: ta shiga cibiyar tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta yana bayan naira 20. Wa ya yanke cewa ita mai fasaha ce, dubban matan da suke ginin tukunya kuma masu sana'a ne kawai? Kin iya yin wannan tambayar a kan mai zayyana da mai ɗinkin hula da mai fentin mota.

Ki matse batun. Gari ɗaya, shekaru ashirin ko talatin, mutane kaɗan. Kundin da ya ce zai rufe Arewa gaba ɗaya daga 1960 zuwa yau ba ya ƙarewa, in ya ƙare kuma ba ya cewa komai.

Rubutu a kan masu rai yana da tarkonsa. Za su karɓe ki, su ba ki abinci, su kira ki 'yarsu, sai ki ga alƙalaminki ya koma na maroƙiya. Ki girmama su, amma ki tambayi shekarar kowane aiki ki tabbatar da ita daga wani wuri, domin mai zane yana mantawa, wani lokaci kuma yana gyara tarihin kansa. Ki tambayi wa ya saya, nawa, ina aikin yake yanzu. Ki nemi izini kafin ki kunna rikoda, ki ɗauki hoton gaba da bayan kowane zane, ki auna tsawo da faɗi, ki roƙi tsofaffin ƙasidun baje koli da suke jibge a akwati ki kwafe su. Ki ajiye komai a wuri fiye da ɗaya, don waya tana faɗawa ruwa. Ga tsofaffin jaridu da takardu, ki saba da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya. Tsofaffin kofen New Nigerian da Nigeria Magazine da Gaskiya Ta Fi Kwabo suna ɗauke da abin da intanet bai taɓa gani ba. Wannan tarin da za ki yi, ko da kundin ya yi jinkiri, dukiya ce da wani farfesa a waje ba shi da ita. Hausarki, da Larabcin Islamiyya, da ajami in kin iya, su ne jarinki a nan. Ki ƙara da Faransanci ko kaɗan ne: adon bangon gidajen Damagaram yana ƙetaren iyaka, bikin baje kolin Dakar da na masu hoto a Bamako kuma da shi ake magana.

Game da wallafa, za a kawo miki mujallun da suke karɓar kuɗi yau su buga gobe. Abokan aiki za su ce kowa haka yake yi, a haɗa suna biyar a maƙala ɗaya a raba kuɗin. Ki kiyaye sunanki. Maƙala ɗaya mai kyau a shekara, wadda ta fito daga babin kundinki, ta fi biyar na cike fom, kuma masu aunawa na waje sun san bambancin. Ki sa ido a kan African Arts, wadda take fitowa tun 1967, da Nka. Za su iya mayar miki da aiki da gyare-gyare masu zafi, wannan gyaran kansa karatu ne kyauta. Ki fara da gajeren sharhin baje koli, ya fi sauƙin shiga. In kin sami hali ki je Legas ki zauna a ɗakin karatun cibiyar fasahar zamani da marigayiya Bisi Silva ta kafa a Yaba a 2007, ki leƙa kasuwar zane ta ART X da ake yi tun 2016, ki ga yadda kuɗi suke juya fannin. Tun da aka sayar da zanen Tutu na mai zanen Najeriya Ben Enwonwu a Landan a 2018 kan fam miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, masu saye suke ƙara neman wanda zai tabbatar musu da asalin aiki da tarihinsa. Jami'a ba ita kaɗai ce mai buƙatar abin da kika sani ba. Kuma don Allah ki riƙa rubuta wani abu da Hausa, ko gajere ne, ko a rediyo ne. Ba zai ba ki maki da yawa a fom ba, amma mutanen da kike rubutu a kansu suna da haƙƙin su ji abin da kika ce.

Sai Baba. Kada ki yi masa gardama, kuma kada ki yi masa ƙarya. A manhajarku akwai sassaƙe-sassaƙe, akwai tsofaffin kawunan yumɓu na Nok, ki faɗa masa haka, ki bayyana masa cewa aikinki nazari ne da rubutu: wa ya yi, yaushe, don me. Hukuncin sura da hoto magana ce ta malamai, akwai hadisai a kanta, akwai bayanansu a kan abin da ya shiga da abin da bai shiga ba. Ni ba mai fatawa ba ce, ki je da tambayarki takamaimai wurin malamin da shi Baban ya yarda da shi, in da hali ku je tare. Amma ki nuna masa sauran fannin, wanda bai san yana ciki ba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da zayyanar Alƙur'ani rubutun hannu, da aska takwas ɗin da ke gaban rigarsa ta Sallah, duk cikin karatunki suke. Iyaye da yawa abin da suke tsoro shi ne a tambaye su a majalisa me 'yarsu take yi su rasa amsar da za su faɗa da ɗaga kai. Ki ba shi amsar. Rabin maganarsa, ta karɓar albashi, kin riga kin bi. Ɗaya rabin, na mantawa da zancen, ki bar shi ya ga aikin da idonsa. Watakila shi zai fara kai ki wurin wani tsohon mai zayyana da ya sani tun yana yaro.

Malaminki kuma kada ya ji labarin a bakin wani. Ki je da kanki, ki gaishe shi, ki ce kin ji gargaɗinsa kuma saboda shi ne kika nemi a rubuta miki gida da izinin karatu. Ki tafi da shafi biyu na abin da kike so ki bincika, ki roƙe shi ya duba ki a digiri na uku, in kuma hannunsa ya cika ya haɗa ki da wanda zai iya. Ki tambaye shi wata nawa yake ɗauka kafin ya dawo da babi, ki tambayi tsofaffin ɗalibansa ma a gefe, domin wannan ne zai yanke ko shekara huɗu za ki yi ko takwas. Allah Ya yi miki jagora, ki rubuto mini in sun ba ki amsa kan sharuɗɗan.